Ina Zan Samu Labaran Da Ba Na Iyayen Gida Ba?

Wasiƙar wannan makon daga Gadarif ta gabashin Sudan ta zo. Na taƙaita ta, na kuma ɓoye sunan mai ita kamar yadda ya roƙa.

"Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jazira. Yaƙi ya koro mu daga Wad Madani a ƙarshen 2023, yanzu ina gidan baffana a Gadarif ina taya shi zaman shago. Tun da aka fara wannan bala'i na daina yarda da tashoshin Turawa da na ƙasashen Khalij, wato Larabawan yankin Gulf, don na ga kowace da ubangidanta. Ina son labarai na masu ra'ayin talakawa, masu adawa da mulkin mallaka, amma masu inganci. Wani abokina ya turo mini tashoshi a Telegram da YouTube, kullum zagin Amurka da Faransa, da yabon Rasha da Ibrahim Traore na Burkina Faso. Da farko sun burge ni, yanzu kuma na fara jin wani iri. Abin da ya fi damuna, ran nan baffa yana sauraron BBC Hausa a shago, na ce masa a gaban mutane har yanzu bai fita daga bautar Turawa ba. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ina zan samu labaran gaskiya, kuma yaya zan yi da baffa?"

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ka ajiye maganar baffa a ƙarshe, ni kuwa da ita zan fara, don ita ce ba ta jiran gobe. Mutumin da ya buɗe maka ƙofa ranar da kuka iso da ƙullin kaya, yake ci da kai, ya ba ka amanar aljihun shagonsa, shi ka kira bawa a gaban abokan cinikinsa. Wannan ba siyasa ba ce, rashin kunya ce. Kuma ka yi ta ne ga wanda bai kamata a koya masa ƙin Nasara ba. Dattawan Hausawa da Fulanin ƙasar nan sun tashi da labarin Burmi a kunnensu, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, da labarin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da ya ja sauran jama'a zuwa gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wasu iyalan kuma hanyar hajji ce ta kawo su, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira don neman guzuri. Ko ta wace hanya kakanninku suka zo, baffanka ya san Bature tun kafin ka san Telegram. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma tsofaffinmu sun daɗe da iya sauraronsa da kunne ɗaya, su bar ɗayan yana tankaɗe.

Kada ka tura saƙo ta waya, kada kuma ka aika gwaggo ta ba da haƙuri a madadinka. Bayan sallar Isha ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa, ka ce, "Baffa, na yi ba daidai ba, a yafe mini." Kada ka ƙara da "amma". Tun da kuma a bainar jama'a ka yi laifin, sai gyaran ya fito a bainar jama'a: gobe idan lokacin labarai ya yi, kai ka ɗauko rediyon ka kunna masa, ka ajiye kusa da shi. Waɗanda suka ji waccan magana za su gani, ba sai an yi musu bayani ba.

To, yanzu ga tambayarka ta farko. Ƙishirwar da kake ji tana da dalili, ba zan ce maka ruɗu ba ne. A ranar 20 ga Agustan 1998 Amurka ta ragargaza masana'antar magunguna ta Shifa a Bahri, ta ce ana haɗa makamai masu guba, har yau ba ta kawo hujjar da ta gamsar ba. A 2003 manyan jaridun Amurka suka taya gwamnatinsu yayata cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi, aka rusa ƙasa guda, makaman ba su fito ba. A Fabrairun 2021, don a faranta wa Asusun Lamuni na Duniya, aka karya darajar jinai, kuɗin Sudan, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, an kuma janye tallafin mai, kafafen waje da yawa suka kira abin gyaran tattalin arziki, alhali mai sayen burodi ya san sunan da ya dace da shi. Sai da Sudan ta biya Amurka diyyar dala miliyan 335 ta kuma amince da ƙulla hulɗa da Isra'ila kafin a sarara mata. Wanda ya ga wannan duka ya ce yana neman wata murya dabam, bai yi laifi ba.

Amma wannan "wani iri" da ka ce ka fara ji game da tashoshin abokinka, ka riƙe shi da kyau, hankalinka ne ke aiki. Zagin Amurka abu ne mai araha, kowa na iya yi, har da wanda ke kwasar zinaren ƙasarka da daddare. Ka auna kowace tasha da Sudan, domin nan ne ka san gaskiya da idonka, ba wanda zai yi maka rufa-rufa. A Nuwamban 2017 Bashir ya je Sochi ya roƙi Putin kariya daga Amurka. Ba a daɗe ba kamfanin Meroe Gold, mai alaƙa da Prigozhin na Wagner, sojojin hayar Rasha, ya kafa wurin tace zinare a jihar Kogin Nilu. A makon da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, Hamidti, shugaban dakarun RSF, yana Mosko ana karɓar sa hannu bibbiyu. Daga baya Rasha ta karkata ga gwamnatin soja ta Bur Sudan, inda ta daɗe tana neman sansanin jiragen ruwan yaƙi a Bahar Maliya, kuma a Nuwamban 2024 ita kaɗai ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu kan ƙudurin neman tsagaita wuta, sauran ƙasashe 14 duk sun amince. Cin tudu biyu ke nan. Yanzu ka koma tashoshin nan ka bincika: sau nawa suka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan? Tashar da za ta ba ka awa guda kan yuraniyom ɗin Nijar da Faransa ta kwasa, sannan ta yi gum kan zinaren Sudan, ba adawa take da mulkin mallaka ba. Sabon ubangida take nema maka. Shi kuma Traore, ko mene ne ra'ayinka a kansa, ka sani an cika intanet da bidiyoyinsa na jabu da kwamfuta ta ƙirƙira, har da jawaban da bai taɓa yi ba. Mai turo maka jabu bai ɗauke ka mai hankali ba.

Tashoshin Khalij ka riga ka gane su, ba sai na daɗe ba. Al Jazeera ta Katar ce, Al Arabiya da Al Hadath na Saudiyya ne, Sky News Arabia a Abu Dabi take. Kowace tana gani sarai har sai labari ya iso ƙofar gidan mai ita. Haka RT ta Rasha, Press TV ta Iran, TRT ta Turkiyya, CGTN ta Sin. Al Mayadeen da Gassan bin Jiddo ya kafa a Beirut a 2012 tana da ƙarfi kan Falasɗinu da Lebanon, amma tambayi ɗan Siriya yadda ta ba da labarin gidajen yarin Asad. Ba cewa nake kada ka kalle su ba. Kai ɗan kasuwar Gadarif ne yanzu, ka ga yadda mai riɗi yake yi: yana jin farashi a bakin dillali, amma ya san dillalin wane ne ke magana, kuma ba ya sallamawa sai ya zagaya ya ji na wasu.

Inda zan so ka fara shi ne gida. Sudan na da tsohuwar al'adar 'yan gwagwarmayar talakawa wadda ƙasashen Afirka da na Larabawa kaɗan ne suka kai ta. An kafa jam'iyyar Kwaminis ta Sudan a 1946, jaridarta Al-Midan ta fara fita a 1954, ta yi shekaru ana buga ta a ɓoye zamanin Numairi da zamanin Bashir. Numairi ya rataye Abdulkhaliƙ Mahjub da shugaban ƙwadago Shafi'u Ahmad Shaikh a Yulin 1971. Matar Shafi'u, Fatima Ahmad Ibrahim, ita ta jagoranci mujallar Sautul Mar'a, ta kuma zama mace ta farko a majalisar dokoki a 1965. Al-Midan tana nan har yanzu a intanet. Ka karanta ta don ka ga yadda ake tambayar wa ke mallakar ƙasa, wa ke sayar da zinare, me ya sa kamfanonin soja suka mamaye kasuwa. Sai dai ka tuna jaridar jam'iyya ce. Ba za ta gaya maka kurakuran jam'iyyarta ba, kuma wani lokaci hudubar kan fi labarin yawa.

Don labarin abin da ya faru jiya a wane ƙauye, ka nemi waɗanda ke da mutane a ƙasa. Mujallar Atar, wadda 'yan jaridar Sudan suka fara fitarwa a 2023 bayan ɓarkewar yaƙi, tana kawo dogayen rahotanni kan kasuwanni, asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira, da Larabci mai daɗin karatu. Rediyo Dabanga tana watsa shiri daga Holan tun 2008. Kuɗinta daga masu ba da tallafi na Yamma yake fitowa, ka san da haka, amma shekara da shekaru ita ce ke ɗaga wayar matan sansanonin Darfur lokacin da jaridun Hartum suka kau da kai. Akwai Ayin, akwai Sudan Tribune. Akwai kuma sanarwar lijanul muƙawama, wato kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni, da ta ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda ba 'yan jarida ba ne amma sau da yawa su ke fara fitar da sunayen matattu. Daga maƙwabta, Mada Masr ta Alƙahira, da aka kafa a 2013, tana da rahoton Sudan na mako-mako. Gwamnatin Masar ta toshe shafinta a cikin ƙasar tun 2017, wanda ya isa ya nuna maka ba 'yar amshin shatan kowa ba ce a can. Assafir al-Arabi ta Beirut tana da nazari mai zurfi kan ƙasa, ruwa da ƙwadago. Duk inda ka ga rubutun Majdi al-Jizuli, mai sharhi ɗan Sudan, ka zauna ka karanta a tsanake. Yana da nauyi, amma ba ya raina mai karatu.

Ga wani ma'auni da ya shafi jiharka, kuma shi na fi dogara da shi. A farkon Yunin 2024 Da'am Sari, wato dakarun RSF, suka afka wa ƙauyen Wad an-Nura suka kashe mutum fiye da ɗari. Lijanul muƙawama na garinku Madani ne suka fitar da hoton gawarwaki jere cikin likkafani a fili. A Janairun 2025 kuma, lokacin da soja ke ƙwato Madani, mayaƙan Dir'us Sudan da ke tare da soja suka afka wa Kambo Ɗayba, ƙauyen ma'aikatan gona, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 26 da aka kashe. Ɗauki kowace kafa ka duba. Wadda ta ba da Wad an-Nura ta ɓoye Kambo Ɗayba, ka san gidan da take kwana. Wadda ta ba da Kambo Ɗayba ta ɓoye Wad an-Nura, ita ma ka sani. Wadda ta ba da duka biyun, sannan ta ƙara da tambayar me ya sa mazauna kanabi, wato ƙauyukan ma'aikatan gona irin Kambo Ɗayba, waɗanda kakanninsu suka yi wa Ingilishi noman auduga tun da aka buɗe aikin Jazira a 1925 don masaƙun Lankasha, har yau ba su da takardar filin da suke kwana a kai, to wannan ita ce mai ra'ayin talakawa, ko ta kira kanta da sunan ko ba ta kira ba.

Mu ma an gwada a kanmu. A Yulin 2022 a Damazin da Rusairis, da Oktoba a Wad al-Mahi, an rasa ɗaruruwan rayuka. Yawancin kafafe suka ce "rikicin ƙabilanci tsakanin Hausawa da maƙwabtansu", suka wuce. Kaɗan ne suka tsaya suka tono maganar filin noma, da neman sarautar gargajiya da aka hana, da yadda 'yan siyasa suka hura wutar bayan yarjejeniyar sulhu ta Juba ta 2020. Ka tuna waɗanda suka tono. Ka kuma tuna shafukan da suka riƙa kiran mu baƙi a lokacin, don wasunsu yau su ne ke ihun kishin ƙasa da ƙin 'yan mulkin mallaka.

Idan Turancinka na jami'a bai yi tsatsa ba, akwai ƙarin ƙofofi. Review of African Political Economy tana fita tun 1974, kuma shafinta na kyauta ne. MERIP, mujallar nazarin Gabas ta Tsakiya tun 1971, ta ware fitowa guda kan Sudan a 2024. Africa Is a Country na kawo marubutan Afirka matasa. Democracy Now!, shirin Amy Goodman da ya fara a 1996, ba ya karɓar talla ko kuɗin gwamnati, yana kuma gayyato 'yan Sudan su yi magana da bakinsu. Declassified UK tana bin diddigin makamai da sansanonin Ingila. The Intercept ta yi suna wajen tona asirin yaƙe-yaƙen Amurka, ko da yake da kuɗin attajirin da ya kafa eBay aka assasa ta a 2014, abin da ya kamata ka ajiye a ranka. The Continent kuwa, ba ta cika ɗaukar tuta ba, amma jarida ce ta Afirka da ake rabawa kyauta ta WhatsApp duk mako, ba ta cin data, abin da ya dace da halin intanet ɗinku.

Zan gaya maka aibinsu tun kafin ka gano da kanka ka yi fushi. Da yawa daga cikin 'yan gwagwarmayar Yamma ba sa ganin zalunci sai in da tambarin Amurka a jikinsa. Yaƙin da Imarat (Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa), Masar, Iran, Turkiyya da Rasha ke da hannu a ciki yana rikita musu lissafi, sai su yi shiru ko su ƙaƙaba masa labarin da suka saba. Na biyu, yawancinsu ba su da wakili ko ɗaya a Sudan. Sharhi suke yi a kan abin da wasu suka samo. Su wane ne wasun? Sau da yawa su ne waɗanda ka yi wa yaji. Jaridar New York Times ce a 2023 ta fallasa jiragen da ke sauka a Amjaras ta Chadi, kafin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya su ce a Janairun 2024 zargin cewa Imarat na kai wa Da'am Sari makamai ta nan abin gaskatawa ne, zargin da Imarat ke musantawa. Binciken da ya fi tona yadda Rasha ke fitar da zinaren Sudan, Ni'ima al-Baƙir ce ta yi shi a CNN a 2022, 'yar ƙasar nan. Saboda haka kada ka jefar da Reuters da BBC. Ka ɗauki abin da ya faru daga wurinsu, wuri da rana da adadi, ka gwada da na 'yan gida, sannan ka je wurin masu ra'ayinka don jin dalili da tarihi. Wanda ya tsallake matakin farko ya faɗa na ƙarshe, shi ne ake wa ɗauki-ɗora da bidiyon yaƙin wata ƙasa a ce masa Fashir ta Darfur ce. Idan ka yi shakkar hoto ko bidiyo, Beam Reports na tantance irin waɗannan, 'yan Sudan ne.

Da harshen Hausa, manyan tashoshin duk da gwamnati a bayansu: BBC ta Ingila, DW ta Jamus, RFI ta Faransa, TRT Afrika ta Turkiyya, ga na Sin da na Iran. Muryar Amurka ta nuna wa kowa inda igiyar take a Maris ɗin 2025, lokacin da umarni guda daga fadar White House ya sa ta yi tsit. Wannan giɓi ne, kuma abin takaici ne ga harshen da ya haifi NEPU a 1950, ya haifi Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Hajiya Gambo Sawaba. Kai da ke da Larabci da Hausa da ɗan Turanci, kana iya cike wani ɓangare a inda kake. Idan ka karanta rahoto mai kyau kan farashin dawa ko kan masu sayen zinare, ka bayyana shi da Hausa ga masu zama a bencin shago, ka faɗi inda ka samo shi da wanda ke biyan su. Za ka ji tambayoyin da ba su zo maka ba, musamman daga manoma.

Saura maganar wayarka, kuma kada ka ɗauke ta da wasa. Ana binciken wayoyi a shingayen hanya, ɓangarorin biyu duk suna yi, kuma an tsare mutane saboda saƙo ko bidiyon da wani ne ya turo musu. Kai ɗan gudun hijira ne daga garin da Da'am Sari suka riƙe fiye da shekara, matashi, Bahaushe, irin wanda ake yi wa kallon biyu ko bai yi komai ba. Ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp da Telegram. Ka fita daga duk rukunin da ba ka san masu shi ba, har da waɗanda abokinka ya saka ka. Ka karanta ka goge, kada ka tara. Kada ka yi sharhi da sunanka na gaskiya a ƙarƙashin labaran yaƙi, kada kuma ka tura wurin da soja ko wani sansani yake, ko da wasa. Idan za ka yi tafiya zuwa Kasala ko Madani, ka duba wayar tun daga gida, har da akwatin abubuwan da ka goge.